Ɗaliban likitanci da suka zo duba mu kyauta: sun yi aiki amma da saura

Maganar gaskiya yaran nan sun yi ƙoƙari. Ɗaliban likitanci ne daga jami'a su da malamansu na sashen lafiyar al'umma, suka sauka a firamaren garinmu, aji ɗaya na mata ɗaya na maza, kuma ba a karɓi ko sisi ba har kuɗin kati. Gwajin maleriya nan take, a ɗan tsaga yatsa kafin minti 20 sakamako ya fito, ga awon suga ga na hawan jini.

Wadda ta fi burge ni wata ɗaliba ce mai auna damtsen yara da ɗan tef ɗin nan mai kore da rawaya da ja, in ya faɗa ja wato ƙasa da santimita 11.5 to tamowa ta yi tsanani. Yaron maƙwabciyarmu ya faɗa ja, wallahi ba ta daka mata tsawa ba, zama ta yi kan tabarma tana cewa Mama ki riƙa sa masa gyaɗa da waken suya a kunu, sannan ta rubuta mata takardar zuwa inda ake ba da abincin masu tamowa.

Inda nake da ƙorafi shi ne hawan jini. Kawuna awonsa ya haura 140/90 sosai, wato inda ake cewa jini ya hau, suka ba shi magani na ɗan lokaci suka tafi, to ai hawan jini kullum ake shan maganinsa, yanzu ya ƙare babu mai sake auna shi, asibitin da suka tura shi kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana tsoho tafiya.

Kuma ana iya yin abin na dindindin. Jami'ar Ibadan tun 1963 take da shirinta na lafiyar al'umma a garin Igbo-Ora na jihar Oyo, Asibitin Malam Aminu Kano na da cibiya a Kumbotso, na ABU ma akwai a Yakawada ta Giwa, ɗalibai na zuwa suna tafiya amma cibiyar na nan. Mu ko na'urar awon jini ɗaya su bar wa malamin asibitinmu su riƙa leƙo shi duk wata, da ya rage.

Zan ba su maki 7 cikin 10. In sun zo garinku a je da sassafe don layi, kuma a tafi da kwalin maganin da ake sha su gani.