Kuɗin fatauci: ka ciro tsaba a banki ko ka tura ta waya?

'Yan uwa masu sarin hatsi a Dawanau sun sha tambayata wanne ya fi idan cinikin ya kai miliyoyi.

Mu fara da caji. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya tun Janairun 2023 ita ce mutum ya cire naira 500,000 a mako, kamfani miliyan 5. Abin da ya haura sai a cire wa mutum kashi 3 cikin ɗari, kamfani kashi 5. Ke nan wanda ya ciri miliyan 2 zai bar wa banki naira 45,000. Turawa ta waya kuwa ko naira ɗari biyu ba ta ci.

Ga wahala: layi, cike takarda, katin shaida, wani lokacin ma a ce ka dawo gobe babu kuɗi a ƙasa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fitowa da jaka a hannu, domin ba ka san idon da ke binka ba.

Sai dai waya ma tana da nata ciwon. Sabis ya ɗauke, kuɗi su maƙale kwanaki, ga 'yan damfara masu alat na bogi. Manomin ƙauye kuma sau da yawa sai ya ƙirga da hannunsa hankalinsa ke kwanciya.

Mai ciniki da dillalan birni, waya ta ishe shi. Mai shiga kasuwannin ƙauye irin Maigatari ya riƙa cirar tsaba kaɗan-kaɗan tun kafin ranar kasuwa.