Hattara da masu tallan tanti da rumfa na bogi gabanin bikin Argungu

Jama'ar Kebbi, da baƙinmu masu niyyar zuwa bikin kamun kifi na Argungu, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da WhatsApp da TikTok wadda ya kamata kowa ya sani kafin ya taɓa asusunsa. Wasu ne ke tallan tantuna da rumfuna, haya ko sayarwa. Sukan ce za su kafa maka a dab da Matan Fada, kogin da ake kamun kifin, ka kalli kabanci, wato wasannin cikin ruwa, da kokawa da dambe da rana, ka sha kiɗan kalangu da dare, ka kwanta a nan ba sai ka kama hanyar Birnin Kebbi neman masauki ba. Ni sana'ata hayar kanofi da kujeru ce ta biki da suna da wa'azi, don haka waɗanda aka cuta ta wurina suke biyowa da kukansu, kuma abin ya kai inda shiru ba zai yi ba.

Mutanen nan sun san inda ke yi mana ƙaiƙayi. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ake wannan biki, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya. Da aka dawo da shi a 2020 bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, kowa ya ga yadda garin ya cika ya batse. Masaukan Argungu ba sa ɗaukar irin wannan taro. To duk wanda ya fito ya ce ga wurin kwana ga inuwa, dole a ba shi kunne.

Da hoto suke fara kama mutum. Fararen tantuna a jere, ciki an shimfiɗa darduma, ga matasan kai, ga fitilu masu ado. Amma don Allah ku dubi bayan tantin. Tuddan rairayi ne ja wur, ko itace guda babu. Wanda ya taɓa taka bakin Matan Fada ya san fadama ce, ƙasar shinkafa da laka da ciyawa. Hotunan sansanonin 'yan yawon buɗe ido ne na hamadar Dubai. Akwai ma wanda aka nuna mini, ina kallo na gane tantunan Mina ne, har da na'urar sanyaya ɗaki a jikinsu, kuma duk alhajin da ya gani zai shaida. Ka sa hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, nan take za ka ga inda aka sato shi.

Daga nan sai kafin alƙalami. Za a ce ka ba da rabin kuɗi yau, don saura tanti uku kacal. Ka tura, gobe a ce akwai kuɗin fili da kwamiti ya ɗora. Jibi a ce motar kaya ta taso daga Legas, an tsare ta a wani shinge kusa da Koko, sai an ba da na goro. Kowane karo kuɗin bai kai wanda ka riga ka zuba ba, sai zuciya ta ce maka ƙarasa kada na baya su bi ruwa. Haka aka yi wa wani ɗan yayata da abokansa da za su taso daga Gusau. Ya shigo shagona ido jajir, ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Kawu, kuɗɗinmu sun tahi." Na duba rasit ɗin, sunan wata mace ne a kan asusun, bai yi kama da sunan shagon da ke tallan ba. Ya ce ai ya tambaya, aka ce masa asusun uwargida ne. Bayan biya na ƙarshe aka toshe lambarsa, shafin kuma ya sauya suna ya koma tallan atamfa, da mabiyansa da komai.

Maganar fili ma a kula. Gwamnatin jiha da masarautar Argungu ne ke shirya bikin. Wanda ya ce maka ya mallaki wuri a bakin kogi yana rabawa ta waya, ka ce ya nuna takarda, sannan ka sa wani naka da ke garin ya je wurin masu shirya bikin ya tabbatar.

Akwai kashi na biyu, waɗanda a wurina sun fi ban haushi, domin su kan kawo kaya, ta yadda in ka yi magana sai su ce ai sun cika alkawari. Na riƙe irin tantinsu da hannuna. Leda ce shara-shara, in ka ɗaga ta sama kana hango rana ta bakin ɗinki. Sandunan kamar tsinken tsire, zif ɗin ƙofa ja biyu ya rabu, babu turaku, babu igiya. An rubuta na mutum shida, alhali manya biyu ma sai sun lanƙwashe ƙafa. Bikin nan yakan faɗo ne tsakanin Fabrairu da Maris, ƙarshen hunturu ke nan da goshin bazara: asuba sanyi da ƙura, tsakar rana zafi mai ƙuna, ga iska mai tasowa ba sallama. Tanti mai rufi ɗaya, kafin hantsi ya ɗaga ba ya shiguwa. Wanda ya san aiki zai ja tamfol a samansa, ya bar tazarar kamu ɗaya ko biyu don iska ta ratsa tsakani, ya kuma bar ƙofa da taga suna kallon juna. Kanofi kuwa, kowace ƙafa sai an kafe ta da turke ko an danne ta da buhun yashi. Na sha ganin kanofin da ba a ɗaure ba iska ta ɗaga shi ta kife kan mutane, ƙarfe ne, yana fasa kai. Ga kuma sauron bakin ruwa, tantin da ba shi da raga a taga wahala kawai aka sayar maka. Ka yi wa mai tallan tambayoyi a kan waɗannan abubuwa. Ɗan sana'a zai amsa har ya ƙara maka, ɗan damfara kuwa zai koma kan cewa wani na jira da kuɗi a hannu.

Mai gaskiya yana da shago ko wurin ajiyar kaya da za a iya zuwa. Ba zai ƙi kiran bidiyo ya buɗe tantin a gabanka ba. In ya ce kamfani ne, sunansa na nan a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma sunan da manhajar banki ta nuna maka kafin ka danna tura kuɗi ya zama shi ne dai. Mu a nan, ɗan abin mota muke karɓa, sauran sai an kafa ka gani da idonka. In kuma inuwa ce kawai kake nema, rumfar zana da mutanen gari ke yi ta fi ledar nan sanyi nesa ba kusa ba, kana tsaye za a kafa ta, sannan ka biya.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya ɓoye. Ka garzaya bankinka a ranar, ka shigar da ƙorafi a rubuce, domin kuɗin ba sa daɗewa a asusun farko ake kwashe su. Ka adana rasit, da hoton hirarku, da lambar waya, da hoton shafin kafin a sauya masa suna. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko ofishin EFCC na shiyya da ke Sakkwato. Sannan in ka ba da labarinka a intanet, wasu za su biyo ka ta akwatin saƙo su ce suna da hanyar dawo maka da kuɗinka in ka biya wani abu. Kada ka tura musu ko sisi, sau da yawa su ɗin ne dai suka dawo da sabuwar lamba.