Galaxy ya fitar da ni kunya da tsohuwar laftof ɗina

Wallahi da na san da Galaxy, wani shafin intanet na nazarin bayanan ƙwayoyin halitta, tun bara da ban sha wahalar da na sha ba. Ina digiri na biyu ne a nan Jos kan murar tsuntsaye, aikin shi ne in kwatanta jerin ƙwayoyin halittar cutar in zana bishiyar zuriyarta, wace ta fito daga wace, ta ina ta shigo mana. To laftof ɗina RAM 4 gareta, a Taminus na saye ta kwance, da na ɗora mata fayil babba sai fanka ta hau kuka kamar injin markaɗe, can kuma a ɗauke wuta aikin awa shida ya bi ruwa.

Wata 'yar'uwa da ke aiki wajen Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take kusa da Jos, ita ce ta ce min "ƙanina daina azabtar da na'urar nan, buɗe usegalaxy.eu". Kyauta ne, rajista kawai, su ba ka wurin ajiya 250 GB, kuma aikin a kan manyan kwamfutocinsu na Jamus yake gudana ba a kan taka ba. Abin da ya fi burge ni ke nan, ka danna ka rufe laftof ka tafi masallaci, ko an ɗauke wuta babu ruwansa. Akwatin aikin zai fara da ruwan toka, ya koma ɗorawa, in ya zama kore an gama, in ja ne to akwai gyara. Ranar da na fara ganin kore bayan na haɗa MAFFT (manhajar da ke daidaita jerin ƙwayoyin halittar) da IQ-TREE (mai zana bishiyar), cikin sanyin asuba ina ƙudundune da bargo, sai da na yi hamdala da ƙarfi.

Kuma ba sai ka ƙona data wajen loda fayil ba, lambar samfurin da ke NCBI, rumbun bayanan ƙwayoyin halitta na intanet, za ka ba shi ya janyo da kansa.

Amma fa ba zai yi maka tunani ba. Irin wannan bishiyar ce ta nuna murar tsuntsaye nau'in H5N1 da ta ɓulla a Kaduna a 2006 ba sau ɗaya ta shigo Najeriya ba, sai ka san me reshe yake nufi kafin ka iya faɗin haka, shi ya sa na zauna na bi darussansu na kyauta sati biyu cur. Yanzu ɗalibai uku nake koya wa a tsangayarmu duk ranar Asabar.