Magaji ɗaya ko a raba ikilisiya?

Idan fitaccen fasto zai sauka a babban birni inda yawancin mutane ba ruwansu da addini, dattawan ikilisiya kan duba hanyoyi biyu.

Ta farko, a naɗa magaji ɗaya. Haka aka yi a cocin All Souls da ke Landan a 1975, inda Michael Baughen ya gaji John Stott bayan sun yi aiki tare tun 1970. Jama'a na nan wuri guda, baitulmali bai rarrabu ba. Sai dai sabon fasto zai daɗe ana gwada wa'azinsa da na wanda ya gada.

Ta biyu ita ce ta cocin Redeemer a New York, wadda Tim Keller ya kafa a 1989. Da ya sauka a 2017, an raba ta gida uku, kowane da fastonsa. Wannan hanya na cin kuɗi, tana kuma raba abokan sujada, abin da ciwo. Duk da haka ita na fi so. A irin wannan birni ba al'ada ke kai mutum coci ba, sau da yawa maƙwabci ne ke gayyatarsa, kuma yana buƙatar makiyayin da ya san unguwarsa, yake da lokacin sauraron shakkunsa.