Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, wanne za a shiga aji da shi?

Malama kin tambaya wanne za ki ɗaukar wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare tsakanin biyun nan, tunda ba hali a sayi duka. To ni na koyar da kowanne, kuma gaskiya Magana Jari Ce zan ce miki, amma bari in faɗi dalili kar ki ga kamar son rai ne.

Duk alƙalamin Abubakar Imam ne. Ruwan Bagaja ya fito daga gasar rubutun 1933, aka buga shi 1934, Magana Jari Ce kuwa littafi uku ne da ya rubuta a Zariya, na farko ya fito 1937. Inda suka rabu shi ne gini. Ruwan Bagaja tafiya ɗaya ce miƙaƙƙiya, Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, duk inda ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe su yi ta ramuwa a kan juna, to yaron da bai zo Litinin da Talata ba ran Laraba zaki ganshi yana zare ido, zaren ya kuɓuce masa, ke kuma kin ɓata rabin darasi wajen maimaita baya.

Magana Jari Ce ba haka yake ba. A littafi na ɗaya, aku ne yake riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari kowane dare dan kar ya fita ya faɗa tarkon Waziri, saboda haka kusan kowane labari yana da farkonsa da ƙarshensa, kamar an yanka shi daidai da minti 40 na darasi. A karanta, a yi tambayoyi, a tsamo karin magana biyu a rubuta a allo, kafin a buga ƙararrawa an gama. Kuma wannan jiran na "Musa zai fita ko ba zai fita ba" shi ke dawo da su gobe. Akwai wata yarinya da nayi wata biyu banji muryarta ba, ranar da muka karanta Sahoro da Sahorama ita ta fara ɗaga hannu wai a bata ta karanta, tana bin layi da yatsa tana ƙunshe dariya, wallahi har yau ina tuna wannan ranar.

Ba wai na kushe Ruwan Bagaja bane. Ya fi gajarta, ana iya gama shi a zango ɗaya, kuma in wasan kwaikwayo kike so ba abin da ya kai Zurƙe daɗin kwaikwaya. Sai dai cuta da damfarar da suke wa juna na buƙatar yaran da suka ɗan tasa, waɗanda za ki zauna da su ku tattauna wa ya kyauta wa bai kyauta ba, shi yasa nake barinsa sai aji uku.

Abu ɗaya dai, Hausar Imam tsohuwa ce, akwai kalmomin fada da na yaƙi da yaran yanzu basu taɓa ji ba. Ki karanta labarin tun a gida ki ja layi ƙarƙashin biyar ko shida, ki fara da su kafin a buɗe littafi. Kuma ki soma da littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, na biyu da na uku labaransu sun fi tsawo.