Dillalin da ya hana ni sayen sabon gida, ga yadda muka ƙare da shi

Sai da muka ga bazara muka ga damina a gidan nan sannan na ce to yanzu na isa in yi magana a kan ofishin dillalan da suka nemo mana shi, don da a satin farko na rubuta wallahi da faɗa kawai za ku karanta. Ba zan kama suna ba. Ɗan shago ne a gefen titi nan Kano, benci biyu da fanka da wani allo da aka rubuta filaye da gidaje, mai wajen dattijo ne kowa Baba yake ce masa, sai yaransa uku masu yawo a babur.

Ni da na je wajensa a damina ta 2023 abu ɗaya ne a raina, sabon gida. Shekara tara ina haya, na gaji da zama a ɗakin da wani ya riga ya yi wa bango baƙi da hayaƙin risho, ita ma maiɗakina ta ƙwallafa rai a gida mai tayil da POP da banɗaki a kowane ɗaki irin wanda ake ta ɗora hotonsa a Facebook. Na gaya masa kuɗina, na ce Baba sabo dal nake so wanda ba a taɓa kwana a ciki ba. Bai musa min ba. Ya ce to Alhaji, amma sharaɗinsa ɗaya, shi ba ya nuna gida sai washegarin ruwan sama, kuma da magininsa yake tafiya. A lokacin na ɗauka iyayi ne irin na dillalai.

Gidan farko can bayan Jami'ar Bayero sabuwa ne, wajen da gari yake ta faɗaɗa, irin gidajen nan da mutum zai sayi fuloti ɗaya ya raba biyu ya gina don sayarwa. Gaskiya gidan ya yi kyau a ido, get baƙi mai ƙyalli, fenti ruwan madara, fitilu a silin kala uku, maiɗakina tana shiga falo ta fara lissafin inda za ta sa kujeru. Shi kuwa maginin ko falon bai kalla ba, bayan gida ya zagaya inda ba a yi fulasta ba, ya ciro mukullin babur ɗinsa ya karci bulo ɗaya, sai ga yashi yana zuba kamar garin kwaki. Ya kira ni ya ce Alhaji sa hannunka. Na murza da yatsa, wallahi bulon nan marmashewa yake. Ya ce a saninsa buhun siminti ɗaya in ana son bulo mai inci 9 na kirki talatin da 'yan kai ake bugawa, wannan kuwa ko an rantse masa ba zai yarda bai kai sittin ba, kuma ba a ba shi ruwa ya ƙoshi ba aka ɗora. Da muka koma ciki ya dinga ƙwanƙwasa tayil da bayan mukulli, wani ya yi ƙara tim wani ya yi kwal kwal alamar ƙasansa rami ne, ya nuna min ƙasan bango inda fenti ya fara kumbura saboda danshi yana hawowa daga fandisho, gidan da ko wata huɗu bai yi da gamawa ba. Hanyar shiga kuma ba kwata, motar da muka zo da ita sai a bakin titi muka bar ta muka tattare riga.

Mun ga sababbi biyar a sati uku. Kada in yi ƙarya, ɗaya a ciki ginin Allah da Annabi ne, wani ma'aikaci ne ya gina don kansa aka yi masa canjin wajen aiki, maginin ya karci bulon mukulli ya zame bai ci ba. Amma kuɗinsa ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. A nan na gane abin da Baba yake nufi da yake yawan cewa shi ba sabo da tsoho yake dubawa ba, tambayarsa ita ce wa ya gina kuma don wa. Wanda zai kwana a ciki da 'ya'yansa ba ya rage rodi.

Sai ya fara kai ni tsofaffi ina ta ɓata rai. Akwai wani gidan ƙasa a cikin birni da ya kai mu da azahar tsaka, muna shiga zaure sanyi ya buge mu kamar an kunna na'ura, bangon ya fi kamu ɗaya kauri, rufin soro ne da azara ta giginya wadda gara ba ta cika yi mata komai ba, har da ragowar makuba a bangon waje. Na tsaya a zauren nan na tuna gidan kakana. Amma fa gidan ƙasa ɗawainiya ne, duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an bi rufi an yi yaɓe an gyara indararo, masu iya aikin kuma sun yi ƙaranci, ga lungun ko Adaidaita Sahu ba ta shiga. Shi kansa Baba ya ce wannan ba naka ba ne, na kawo ka ne ka ji sanyin.

Wanda muka saya na bulo ne, a wata tsohuwar unguwa da ba ta da nisa da Kantin Kwari inda nake kasuwa. A dokin ƙofa an rubuta 1983 da tsinke tun simintin yana ɗanye, har yanzu ana karantawa. Ɗaki huɗu, zaure, tsakar gida mai faɗi da rijiya da bishiyar darbejiya. Ranar da muka fara zuwa maiɗakina ko zama ba ta yi ba, fenti duk ya koɗe, ƙasa siminti ce ba tayil, banɗaki ɗaya ne a can ƙurya, tagogi irin na da masu gilashi jere-jere rabi sun fashe. Maginin ya ɗauko ƙusa ta kankare ya buga a bango, ƙusar ce ta lanƙwashe. Ya yi dariya ya ce wannan gidan zai binne mu duka.

Yanzu bari in zo kan inda ofishin nan ya burge ni da inda ya ƙona min rai, don duka biyun a kan takarda ne.

Gidan na gado ne. Duk wanda ya san Kano ya san yawancin tsofaffin gidajen da ake sa wa a kasuwa haka suke, mai gida ya rasu magada suna son a raba. Baba ya ce kada in ba da ko sisi sai an je KANGIS, ofishin gwamnatin Kano mai ajiye bayanan filaye, an duba fayil ɗin, a tabbatar satifiket ɗin mallaka da suka nuna na gaske ne kuma ba a jinginar da gidan a banki ba, sannan ya sa na ɗauki lauya nawa na kaina ba nasu ba. Wannan shawara ta fi la'adar da na biya daraja. Lauyan ne ma ya fahimtar da ni cewa tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, don haka gida mai satifiket in an sayar sai an nemi amincewar gwamnan kafin sunanka ya hau, takardar mai unguwa da shaidu kaɗai ba ta wadatar.

Amma Baba ya ce min magada shida ne kuma duk sun yarda. Ashe bakwai ne. Akwai 'yar marigayin daga matar da ya rabu da ita tun da daɗewa, tana aure a wani gari, ba wanda ya tuntuɓe ta, sai da lauyana ya je wajen mai unguwa shi kaɗai ya ji labarinta. Da na tare Baba da maganar sai ya ce wai ya sani, yana jira ne a gama ciniki sai a lallaɓa ta. Na ce haba Baba, da girmanka, in da na biya fa ta kai ni kotu? Ya yi shiru yana jan carbi. Sati shida cinikin ya tsaya har aka zo da ita ta sa hannu a gaban alƙali aka fitar mata da rabonta. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, mutumin da ya hana a cuce ni da bulo shi ne ya so ya rufe ni a kan magajiya.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Ba sa cika alƙawarin lokaci ko kaɗan, in an ce ƙarfe goma ka zo sha biyu. La'ada kashi 5 cikin ɗari ya karɓa a wajena bai rage ko naira ba, kuma yaran nasa kowane fita sai ka sa musu mai a babur, abin da ba a gaya min tun farko ba. Kuɗin magini daban ne, shi kam na biya da daɗin rai har na ƙara masa.

Gyara kuwa ya ci ni, kada wani ya ce muku tsohon gida arha ne. Wayar wuta gaba ɗaya muka zare don ta da ce siririya ba za ta ɗauki firji da dutsen guga tare ba, bututun ruwa na ƙarfe ne duk sun yi tsatsa muka mayar da na roba, kwanon ɗaki biyu yana yoyo, sokawe ta cika. Babbar matsalar ma titi ne, shekara da shekaru ana ciko har ya fi tsakar gidan tudu, ruwan sama ciki yake gangarowa, dole muka ɗaga dokin ƙofa muka fitar da sabuwar kwata, amma na ce a bar min wajen da aka rubuta 1983. Kuma aikin ya faɗo daidai farkon 2024 lokacin da siminti ya tashi daga dubu biyar da wani abu ya haura dubu goma, na sayi buhu goma yau na koma bayan kwana huɗu kuɗin ya canza. Duk rarar da na samu tsakanin wannan da sabon gidan farko gyara ya cinye ta har na ƙara da kuɗin shago.

Abin da na samu a madadin haka, a watan Afrilu da zafin Kano yake gasa mutane yarana a tsakar gida suke kwana ƙarƙashin darbejiya, rijiyar ba ta ƙafe ba, sai dai ruwan sha muke saye wajen 'yan garuwa. Kasuwa minti goma sha biyar. Masallaci da islamiyya da mai shayi da kemis duk a layin, maƙwabta sun san juna shekara talatin, ranar da muka tare kwano bakwai aka aiko mana. Maiɗakina ta samu tayil ɗinta a falo da ɗakinta, POP dai na ce ta yi haƙuri sai an sayar da kayan sallah.

In tauraro biyar ake bayarwa zan ba su uku da rabi, ɗaya da rabin da na cire na maganar magajiyar nan ne. Ƙanina yana neman gida yanzu kuma wajensu na tura shi, amma na haɗa shi da lauyana, na kuma ce masa duk adadin magadan da Baba ya faɗa ya je wajen mai unguwa da ƙafarsa ya sake ƙirgawa.