Kwas ɗin QualityRights ta intanet: abin da ya sauya tsakanina da ƙanena

Ƙanena yana da shekara 31. Yana aji biyu a kwalejin horar da malamai ciwon ƙwaƙwalwa ya same shi. Ya daina barci, ya riƙa magana shi kaɗai har asuba, wata rana ya fita ba takalmi, sai a bakin kasuwa aka tsinto shi. Mun yi abin da yawancin gidaje ke yi. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kawunmu ya yanke hukunci aka kai shi wani gidan mari a bayan gari, ya yi wata bakwai da sasari a ƙafa. Ni ce nake kai masa abinci duk ranar Juma'a. Har yau tabon yana nan a idon sawunsa na hagu.

Na fara da wannan ne don mai karatu ya san da wane ido na kalli kwas ɗin da zan yi magana a kai. Ni malamar firamare ce a Zariya, ban taɓa karatun aikin lafiya ba. Wata ma'aikaciyar jinya da muka saba da ita a wurin karɓar maganin ƙanena ce ta turo mini adireshin kwas ɗin ta WhatsApp, ta ce, "Malama, ki gwada wannan, kyauta ne, kuma na san zai taɓa ki."

Sunansa QualityRights, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tsara shi. An fara amfani da shi a Ghana a 2019, sannan aka buɗe shi ga kowa a duniya a watan Afrilun 2022. Rajista ba ta da wuya, da adireshin imel na yi ta, kuma ba a karɓi ko kwabo a hannuna ba daga farko har zuwa takardar shaidar kammalawa. Kuɗin da na kashe na data ne, domin akwai bidiyoyi da yawa. An raba karatun kashi shida: ya fara da ma'anar haƙƙin ɗan Adam, ya shiga haƙƙin masu lalurar ƙwaƙwalwa da masu nakasa, da 'yancin mutum ya yanke wa kansa shawara, da kawar da tilas da cin zarafi, da ingancin wuraren kulawa da zama cikin jama'a, ya ƙare da batun farfaɗowa. Ana yin tambayoyin gwaji a tsakani. Ni bayan sallar isha'i nake zama, yara sun yi barci, waya a hannu, littafin rubutu a cinya. Mako bakwai ya ɗauke ni, har da kwanakin da aka ɗauke wuta waya ta mutu. Abin da ya yi mini daɗi shi ne ba mai kora ta, duk inda na tsaya nan nake komawa in ci gaba.

Da Turanci na yi. Akwai Larabci da Faransanci a cikin harsunan da ake zaɓa, wanda zai amfani malamanmu da suka yi karatu da Larabci da kuma 'yan'uwanmu na Nijar. Ban ga Hausa a jerin ba, kuma ina fata wata rana a gani, domin waɗanda suka fi buƙatar jin wannan magana su ne irin su Innarmu da kawunmu. Turancin bai da tsauri sosai, sai dai inda aka shiga maganar doka na sha komawa ƙamus.

Wanda yake neman ya koyi gane nau'o'in ciwo da sunayen magunguna, ba nan zai samu ba. Hukumar tana da wani tsari daban don wannan, mhGAP, wanda aka yi wa ma'aikatan lafiya. Shi wannan kwas tambayarsa guda ce daga farko har ƙarshe: yaya kake mu'amala da mutumin da ke fama da ciwon?

Kashi na huɗu ne ya fi yi mini nauyi. Yana bayani a kan ɗaure mutum da kulle shi shi kaɗai a ɗaki, da yadda hakan ke ƙara masa tsoro da fushi, sannan a ɗauki wannan fushin a ce ai ga hujja, dole a ci gaba da ɗaure shi. Na ajiye wayar a daren nan, ban iya ƙarasawa ba sai bayan kwana uku. Na tuna watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Mun kalli labarin a gida kowa yana salati, amma ba wanda ya dubi ƙanena, alhali yana zaune a tsakiyarmu. Ba mu taɓa ba shi haƙuri ba. Mun ɗauka tun da da kyakkyawar niyya muka yi, magana ta wuce.

Kwas ɗin bai tsaya a hani kawai ba, shi ya sa nake ganin ƙimarsa. Yana koyar da yadda za a gane alamun farko kafin abu ya yi tsanani, yadda za a sassauta murya, a rage taron jama'a a kan mutum, a ba shi wuri mai natsuwa, a saurare shi ba tare da gardama ba. A gidanmu akasin haka muke yi. Da zarar ya fara, sai maza biyar su taru a kansa, maƙwabta su cika zaure.

Inda na yi ta kokawa da zuciyata shi ne kashi na uku. An gina shi a kan Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙoƙin Masu Nakasa ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010. Matsayinsa shi ne kada wani ya yanke wa mai ciwon shawara a madadinsa, a taimaka masa ne ya yanke da kansa, ko da kuwa batun shan magani ne ko kwanciya asibiti. Na yarda da wannan a kwana tara cikin goma. Amma na ga daren da ƙanena bai gane Inna ba, yana neman fita titi da ƙarfe biyu na dare. A irin wannan dare, a unguwar da ba motar asibiti da za ta zo, ba ma'aikacin da za a kira, me 'yar'uwa za ta yi? Har yanzu ban gama samun natsuwa a kan wannan ba, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba. Misalai da dama a kwas ɗin sun fi dacewa da wuraren da ke da ma'aikata isassu. Sai mutum ya zauna da kansa ya auna su da gidan da dattawa ke da ta cewa, kuma dangi ne asibitin farko.

Duk da haka, a cikin wannan kashin ne na samu abin da ya fi yi mana amfani. Akwai shawarar mutum ya tsara, lokacin da yake cikin lafiyarsa, abin da yake so a yi masa in ciwon ya taso. Wata Asabar da yamma na zauna da ƙanena a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida da takarda da biro, na ce masa, "Ka faɗa mini yadda kake so mu yi." Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "Yaya, shekara tara ba wanda ya taɓa tambaya ta." Abin da ya faɗa bai wuce rabin shafi ba. In ya kwana biyu bai yi barci ba, a faɗa masa kai tsaye, kada a riƙa raɗa a bayansa. Ni ko babban amininsa ne za mu raka shi asibiti, ba taron mutane ba. Kada a kira shi da sunan nan da yara ke kiran masu yawo a titi. Kada a sake sa masa ƙarfe. Ya kuma ce a ci gaba da yi masa addu'a da karatun Alƙur'ani, yana samun sanyi da su, amma a haɗa da maganin likita.

Na kai wa kawunmu takardar da kaina, na durƙusa na karanta masa. Na kuma gaya masa cewa a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta amince cewa masu wannan lalura suna da haƙƙi kamar kowa. Bai ce komai a kan dokar ba. Takardar ya karɓa, ya ce in sake karanta masa layin ƙarshe.

Ina ba malaman makaranta, limamai, ma'aikatan ƙananan asibitoci da duk mai ɗan'uwa irin nawa shawarar su yi wannan kwas. Wanda ya taɓa shiga irin halin da muka shiga, ya tanadi wanda zai yi magana da shi a makon da zai kai kashi na huɗu, kada ya yi shi kaɗai cikin dare kamar yadda na yi.

A damina da ta wuce barcin ƙanena ya fara yankewa. A kwana na biyu na same shi na faɗa masa, kamar yadda ya nema. Da safe shi ya ɗauko katin asibitinsa, amininsa ya zo da babur, suka tafi su biyu. Likita ya gyara masa maganin, suka dawo kafin la'asar.